Gahawar Makoki a Ranar Baiko

Masu turo min saƙo kuna cewa in yi haƙuri da Mama don uwa ce, na gani, na kuma gode. Amma ku bari ku ji abin da ya faru ranar Alhamis tukuna, in ya so sai ku ci gaba da yi min wa'azin.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Basant, shekarata ashirin da takwas, ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a nan Tanta. Shekara ɗaya da wata biyu ke nan da likita ta dubi takardar gwajina ta ce ina da sukari, irin wanda ake lallaɓawa da ƙwaya da kiyaye baki. Tun daga ranar na koma mai ƙirga loma. Rubu'in gurasa da safe, dafaffen wake da man zaitun, kokwamba kuwa na ci har na daina jin ɗanɗanonta. Shayina babu sukari ko ƙwaya ɗaya. Magani ɗaya a tsakiyar karin kumallo, ɗaya a tsakiyar abincin dare, ga tafiyar minti arba'in kullum bayan la'asar ko da ƙafafuna sun ƙi. Gwajin da ake min duk wata uku ya fara da tara, yanzu ya sauko shida da rabi. Ranar da Dakta Nahid ta ga sakamakon sai da ta taso daga kujerarta ta rungume ni. Na kawo takardar gida cike da murna, Mama ta karɓa, ko dubawa ba ta yi ba, ta ninke ta huɗu ta tura ƙarƙashin katifa.

A gidanmu ciwon nan ba shi da suna, "abin nan" ake ce masa. Dalili kuwa, bara akwai wani injiniya da har an fara maganar sa rana, sai ƙanwar uwarsa ta gan ni a layin masu sukari a asibiti. Daga ranar wayarsu ta daina shiga. Ni abin da na koya a nan shi ne Allah ya raba ni da mutanen banza. Mama kuma abin da ta koya shi ne a ƙara ɓoyewa.

Sai ga Midhat. Likitan dabbobi ne, kawun wata ɗalibata, dogo mai yawan dariya, kullum hannunsa na ƙamshin sabulun asibiti. Wata biyar yana raka ni tafiyata ta yamma, a tunaninsa ni mai son shan iska ce. Duk ranar da muka wuce shagon masu matse rake sai ya saya min babban kofi, ni kuma in riƙe ina juya tsinken a ciki har wani manomi ya kira shi a waya kan saniyarsa, in tuttular a gindin wata bishiya. Bishiyar nan ta sha ruwan rake ya fi kofi ashirin a madadina. Ina son Midhat, ba zan yi muku kwana-kwana ba. Son ne ma ya sa duk lokacin da na buɗe baki zan faɗa masa sai harshena ya yi nauyi.

Ranar Alhamis ce za su zo da mahaifiyarsa da kawunsa a karanta Fatihar baiko. Da hantsi na shiga ɗakina na tarar da Mama zaune a bakin gado, tana ɓalle ƙwayoyina ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a wata tsohuwar kwalbar maganin ƙarin jini.

"Mama, me kike yi da maganina?"

"Ina rufa miki asiri, tunda ke ba ki iya ba."

"Falo za su zauna fa. Wa zai shigo ɗakina?"

"Ke ba ki san matan nan ba. Za ta ce a nuna mata banɗaki, ta ɓata hanya da gangan, ta buɗe miki durowa. Ni na je nema wa yayanki aure, na san abin da na yi." Ta miƙo hannu. "Kawo abin awon."

Na ba ta na'urar da nake huda yatsa da ita. Ina kallo ta naɗe ta a tsumma, ta hau kujera a kicin, ta saka ta cikin babbar tukunyar da ba a saukewa sai da Sallah, ta rufe.

Na ce, "Yau zan faɗa masa. Kafin a karanta Fatiha."

Ta sauko daga kujerar a hankali, ta tsaya dab da ni. "Ki faɗa masa ki ga ko zan ƙara ce miki 'yata. Shekara ashirin da takwas, Basant. Sa'o'inki na kai yara makarantar da kike koyarwa. Ki bari a ɗaura, in kin samu ciki sai a ce cikin ne ya kawo shi. Mata nawa suka yi haka?"

"Wato in fara zama da mutum da ƙarya."

"Wace ƙarya? An tambaye ki ne kika musa?"

Baba yana falo yana cire ledar da ke lulluɓe da kujerun baƙi, yana jin komai. Shekara talatin da biyar da aure ta koya masa cewa in Mama ta ɗaga murya, aikinsa shi ne ya nemi abin gogewa.

Na sa doguwar riga kore mai duhu wadda tela ya rage sau biyu, da mayafi ruwan madara, da 'yan kunnen kakata. Kilo goma sha ɗaya na sauke a shekarar nan, kuma duk matan benenmu sun yanke hukuncin don aure na yi. Har sirrin suke tambayata a kan matakala. Ina ɗaura mayafi saƙon Midhat ya shigo:

"Mun taso. Mama ta sa an yi basbusa tire biyu, ɗaya na kan cinyata. In direba ya taka birki ki tarbe ni da cokali."

Na rubuta, "Akwai maganar da nake so mu yi kafin ku hau sama." Na kalli rubutun ya kai minti ɗaya, na goge, na tura masa fuskar dariya. Ku zage ni a kan wannan, na cancanta.

Bayan la'asar suka iso. Hajja Insaf, mahaifiyarsa, mace ce gajeriya mai jiki, cikin baƙar abaya mai aiki a hannu, awarwaron zinariya sun kai shida a kowane hannu. Ta sumbace ni a kumatu sau huɗu, ta riƙe haɓata tana juya fuskata kamar mai zaɓen kankana.

"Masha Allah. Amma Ummu Basant, ba kwa ba yarinyar nan abinci ne? Bari ta zo hannuna, wata biyu ba za ki gane ta ba."

Mama ta yi wata dariya mai ƙarfi wadda ban taɓa jin ta da ita ba.

Aka gaisa, aka yi hirar zafi da tsadar tumatir, sai Mama ta tambayi kowa yadda yake shan gahawarsa. Hajja ta ce a cika mata sukari, cokali biyu. Mazan suka ce daidai wa daida. Aka tura ni kicin, don kowa ya san amarya ce ke dafawa ranar nan, kuma da kumfar da ke saman kofi ake auna hannunta. In kumfar ta tashi a ce gahawa ta yi fuska, in ta mutu a ce yarinya ba ta da tarbiyyar kicin.

Na dafa ta kowa daban a ƙaramar buta. Da na zo kan tawa na tsaya da cokali a hannu. Na san basbusa, kek ɗin nan da ake jiƙawa da ruwan sukari, na jirana, na san jan sharbat, abin shan biki mai zaƙi, na jirana bayan Fatiha, sai na ce bari in ceci kaina ko a kofi ɗaya ne. Na dafa tawa sada, babu sukari. Na ajiye ta a ƙarshen tire kusa da babban yatsana, na juyo hannun kofin wajena. Abin haushi, duk cikin kofunan shida ita ce ta fi yin fuska.

Na durƙusa gaban Hajja na miƙa tiren ta gefen kofinta. Ta ƙare wa kofunan kallo, ta tsallake nata, ta miƙa hannu har ƙarshen tire.

"Wannan zan ɗauka, in ga hannun amaryarmu."

"Hajja, naki ne wannan, mai..."

"Duk naki ne, 'yata, duk nawa ne."

Ta kurɓa. Na ga bakinta ya tsuke. Ta ajiye kofin a hankali har ba a ji ƙararsa ba, ta dubi Mama.

"Wa ya rasu a gidan nan?"

Babu wanda bai san cewa sada a zaman makoki ake raba ta ba. Ka miƙa wa uwar ango ita ranar Fatiha, daidai yake da ka ce mata auren ɗanta mutuwa ce a wajenka.

"Subhanallahi, Hajja, mantuwa ce," in ji Mama. "Yarinya ce, ta ruɗe, tun asuba hannunta ke ɓari."

"Mantuwa a kofi ɗaya?" Hajja ta ɗauki kofin Midhat ta ɗanɗana, ta ɗauki na kawun ta ɗanɗana. "Waɗannan ai da sukarinsu. Wannan an dafa ta ne daban. Wa aka dafa wa?"

Midhat ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa. "Mama, ni ta dafa wa. Tana makokin 'yancina ne."

Kawunsa kaɗai ya yi dariya. Hajja ko kallonsa ba ta yi ba, ni take kallo. "Basant, ki faɗa min gaskiya tun muna zaune. In ba kya son ɗana, ko akwai wani a ranki, ƙofar da muka shigo tana nan. Ba mu zo mu sa kowa baƙin kaya ba."

Ga dama ta zo har gabana. Kalma uku kawai zan faɗa. Na ɗaga ido na ga Mama, leɓenta ya bushe, ta damƙe hannun kujera, idonta na roƙona irin roƙon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Na ga Midhat yana min murmushin ƙarfafa gwiwa, bai san komai ba. Sai na ji bakina na cewa, "Mantuwa ce, Hajja. Ki yafe min."

"To tunda mantuwa ce, mu wanke ɗacin." Ta yaye takardar da ke kan tire, ta yanko basbusa tana ɗigar ruwan sukari, ta matso da ni kusa da ita. "Buɗe bakinki. Da hannuna zan ba ki."

Na buɗe. Wata goma sha huɗu rabon da abu irin wannan ya taɓa harshena. Ba zan ce muku babu daɗi ba, akwai, daɗin ne ma ya sa na ji kamar in fashe da kuka. Ta ba ni yanka na biyu. Na ce na ƙoshi, Mama da kanta ta yanko na uku ta ɗora a faranti.

"Ci mana, Basant, hannun Hajja albarka ne. Ai ita da zaƙi ba a raba su, Hajja, kunya ce kawai take ji."

Matar da ta raka ni asibiti ranar farko, wadda ta ji da kunnenta likita na bayanin abin da ciwon nan ke yi wa ido da ƙoda da ƙafa, ita ce ke tura min faranti tana murmushi. Na cinye ina kallonta. Ita ta kasa kallona.

Daga nan komai ya tafi yadda ake so. Maza suka ɗaga hannu aka karanta Fatiha, Mama ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka amsa ta taga, aka kawo jan sharbat a manyan kofuna. Hajja ta tsaya a kaina har sai da na ga ƙasan kofin. Sannan ta gyara zama ta shimfiɗa min rayuwata: hawa na sama a gidanta an riga an yi masa fenti, amma tukunya ɗaya ce, a ƙasa ake ci, kuma ita ba ta yarda a tashi daga teburinta ba a sha zaƙi ba. Daga wannan Juma'ar ma zan fara zuwa. A bakin ƙofa ta karɓi wayata ta saka lambarta da kanta, ta ce in kira ta duk lokacin da na so, yanzu ni 'yarta ce.

Bayan magariba na hau kujera na sauke tukunyar. Maƙogwarona ya bushe, na sha ruwa kofi huɗu bai jiƙa ba, kaina ya yi nauyi kamar an ɗora min buhu. Na huda yatsa a tsaye a kicin ɗin, har yanzu da koren rigata. Ɗari biyu da casa'in da huɗu. Ni da nake murna in na ga ɗari da arba'in bayan abinci.

Mama tana wanke kofuna. Na miƙa mata na'urar har gaban idonta. Ta kalla ta gefe, ta ci gaba da wanki.

"Ga shi kin ci, ba ki mutu ba. Ki ƙara ƙwaya ɗaya."

"Ba a ƙarawa haka, Mama, kin sani."

"To rana ɗaya ce."

"Ba ki ji abin da ta ce ba? Tukunya ɗaya. Kullum. A ina zan ɓoye maganin a gidanta, a tukunyar Sallah?"

"In kin shiga kya san dabara. Kowace mace da abin da take haɗiyewa a gidan miji."

Na san rana ɗaya ba za ta kashe ni ba, zuwa safiya zai sauka. Abin da ya tsaya min a rai shi ne shekarun da ke gaba, ina cin abin da zai cinye ni don kada ran wata ya ɓaci. Na sha maganina da ɗan wake da ganye kamar kullum, na hau rufin gidan ina zagaye tsakanin igiyoyin shanya don jikina ya ƙona abin da zai iya. A zagaye na goma na tsaya, na ɗauki hoton lambar da ke kan na'urar, na tura wa Midhat. Na rubuta a ƙasa:

"Wannan jinina ne bayan basbusar mamanka. Ina da sukari tun kafin ka san ni. Gahawar nan tawa ce. Ruwan raken da kake saya min ban taɓa sha ba. Ka yi haƙuri."

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Sai wayar ta yi ƙara.

"Basant." Muryarsa a ƙasa, na ji ya rufe wata ƙofa. "Yanzu ya jikin naki? Kin sha ruwa? Kina ganin jiri?"

Wallahi a nan hawayena suka zubo. Na ce da sauƙi, na faɗa masa komai, maganin, gwajin, shida da rabin da babu wanda ya taya ni murnarsa.

"Shida da rabi? Ai ke jaruma ce. Me ya sa ba ki faɗa min ba, har kika bar ni ina shayar da bishiya?" Ya yi 'yar dariya. "Ni wannan bai canja min komai ba. Kin ji? Ko kaɗan."

Na jingina da bango. Na fara gode wa Allah a zuciyata. Sai ya yi gyaran murya.

"Wa ya sani ban da gidanku?"

"Babu."

"To alhamdu lillahi. Mu bar shi a haka. Mama ba za ta fahimta ba, ita a wajenta mai sukari ba ta haihuwa lafiya, kuma in ta kafe babu mai sauke ta. Bari a ɗaura tukuna, daga baya sai mu san yadda za mu ce an gano."

"Mu ce ciki ne ya kawo?"

"Yauwa, kin ga wannan ma dabara ce." Har da jin daɗi a muryarsa. "Sannan ranar Juma'a ta ce kayan zaƙin nan kunafa za ta yi miki. Don Allah ki ci ko yanka biyu ne, kada ta sake zargin wani abu. Rana ɗaya ce."

Ban san lokacin da na ce masa sai anjima ba. Na tsaya da waya a hannu ina jin wani ɗaci da ya fi na ɗazu. Yana sona, na yarda. Mama ma tana sona. Dukansu biyu sun auna, sun ga jinina ya fi sauƙin taɓawa a kan ran Hajja Insaf.

Na sauko daga rufin, na zauna a bakin gadona, na nemo lambar da ta saka min da hannunta. A ƙara na biyu ta ɗauka.

"Amaryarmu. Har kin yi kewata?"

"Hajja, akwai abin da ya kamata ki ji daga bakina. Ina da sukari."

Ta ƙyalƙyale da dariya har ina jin awarwaronta na kaɗawa. "Ai sai ki faɗa wa wanda bai gan ki ba. Ke ɗin gaba ɗayanki sukari ce, 'yata. Yanzu nake faɗa wa ƙanwata."

Na rufe ido. Da na bar shi a nan, da na samu abin cewa gobe: na faɗa, ita ce ba ta ji ba. Na ji tafiyar Mama ta tsaya a bakin ƙofata.

"Ba yabon kaina nake ba, Hajja. Ciwon sukari. Shekara ɗaya da wata biyu ina shan magani sau biyu a rana. Ba zan iya cin kunafarki ranar Juma'a ba, kuma ba zan iya ci a duk Juma'ar da za ta biyo baya ba. In za ki karɓe ni a haka, ina son ɗanki."

Awarwaron suka daina ƙara. Na ji numfashinta, na ji talabijin a bayanta, na ji wani ya rage muryar talabijin ɗin.

"Midhat ya sani?"

Na yi shiru, don duk amsar da na bayar akwai wanda za ta ƙona.

"Na ce ɗana ya sani?" Babu sauran "'yata" a muryar. Da ta ji ban amsa ba sai ta ce, "Ba ni mahaifiyarki."

Mama na tsaye a bakin ƙofa, kumfar sabulu na ɗiga daga yatsunta zuwa kan tabarma. Na miƙa mata wayar.